Wani ya yi rubutu a kan makarantata a Facebook, ya ce tsohon malaminmu ne: in yi shiru ko in mayar da martani?

Hajiya_Mai_Makaranta:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a. Shawara nake nema, kuma a ba ni ita tsakani da Allah, ba don a faranta mini rai ba. Ina da makarantar nazire da firamare a nan cikin garin Gombe. Ran Juma'a wani ya yi rubutu a ɗaya daga cikin manyan zaurukan Facebook na garin nan, ya ɓoye sunansa, ya ce ya taɓa koyarwa a wurinmu, ya kuma kama sunan makarantar ɓaro-ɓaro. Ya ce muna riƙe albashi sai wata ya yi nisa, muna yanke wa malami kuɗi in ya makara, ba ma biyan ko sisi a dogon hutu, sannan wai muna tilasta wa malamai su ƙara wa 'ya'yan masu kuɗi maki. Wannan na ƙarshen wallahi ƙarya ce, ban taɓa sa wani ya taɓa makin yaro ba. Kafin yammacin Asabar an ɗauki hoton rubutun an jefa shi a zauren WhatsApp na iyayen yara, tun daga nan wayata ba ta huta ba. Ƙanina ya ce in kai maganar wurin DPO a zaƙulo mai rubutun, maigidana ya ce in yi shiru zai wuce, hedimasta kuma ya ce mu fitar da takarda mu ƙaryata komai. Ina zargin wata malama da ta bar mu a zangon da ya wuce. Wanda ya taɓa shiga irin wannan, yaya ya yi?

Baban_Walida:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya kawo mafita. Ni dai ina bayan ƙaninki. Mutum ya ci abinci a inuwarki, ya fita ya je yana tona miki asiri a idon duniya? Wannan butulci ne. In kika ƙyale ɗaya, gobe goma za su yi. A kamo shi ya kwana a bayan kanta, ya rubuta takardar ban haƙuri da hannunsa, sauran za su shiga taitayinsu.

Barista_Bolari:
Hajiya, don girman Allah kada ki nufi ofishin 'yan sanda. Baban Walida ka yi haƙuri, amma wannan hanyar ita ce ke mayar da ƙaramar magana babba. Ku tuna abin da ya faru a 2023, lokacin da wata mata a Legas ta rubuta a Facebook cewa tumatirin gwangwanin wani kamfani ya cika zaƙi. Aka kama ta, aka kai ta har Abuja. Rubutun da da an ƙyale shi zai mutu da kansa, sai ga shi a kafofin labarai na ƙasashen waje, jama'a suna ta kiran a ƙaurace wa kayan kamfanin.

Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 shi ne aka daɗe ana kama mutane da shi. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2020 cewa ya saɓa wa 'yancin faɗin albarkacin baki, kuma a farkon 2024 an yi masa gyara, an cire kalmomin nan masu faɗi irin su "don a ɓata wa wani rai". Ƙorafin albashi ba ya shiga abin da ya rage. Ɓata suna yana nan a matsayin laifi a Penal Code, kundin dokar laifuka na jihohin Arewa, kuma kina da damar shigar da ƙarar neman diyya. Amma ki sani, a ƙarar diyya, in wanda kike ƙara ya tabbatar cewa abin da ya faɗa gaskiya ne, ya kuɓuta. Kuma ranar da aka zauna, littafin albashinki ne za a fara nema a buɗe a gaban alƙali.

Tsohon_Ticha_Kumo:
Hajiya, da girmamawa. Kin rantse a kan na huɗu. Ukun farkon fa?

Hajiya_Mai_Makaranta:
Malam, ba zan ɓoye ba. Akwai watannin da albashi kan kai tsakiyar wata mai kamawa, domin iyaye ba sa biyan kuɗin makaranta a kan lokaci, ni kuma ba ni da wata rijiyar kuɗi. Yankan makara doka ce ta makaranta, kowa ya san da ita. Dogon hutu kuwa ba ma karɓar komai daga iyaye, kuma tun ranar da aka ɗauki mutum ake gaya masa haka. Je ka bincika, kusan duk makarantu irin tamu haka suke yi.

Tsohon_Ticha_Kumo:
Na gode da kika faɗi gaskiya, ba kowa zai faɗa ba. To bari in gaya miki yadda abin yake daga ɗaya ɓangaren, domin na yi shekaru ina koyarwa a makarantun kuɗi kafin in koma kasuwa. Watan Agusta shi ne watan da malami ke sauya hanyar komawa gida don kada ya bi ta gaban mai shago. Sunanka yana cikin littafin bashi: garin masara, mai, sabulu, maganin zazzaɓin yaro. An koma makaranta a Satumba, ka yi wata guda cur kana koyarwa, kana kallon waya ko alat zai shigo, a ce maka a ƙara haƙuri iyaye ba su biya ba. A cikin wannan halin ne za ka rasa kuɗin Keke, ka taka daga Herwagana zuwa Tumfure da ƙafa, ka iso an riga an ja layi a rajistar zuwa, a yanke maka kuɗi. In na makara da minti goma an yanke ni, in albashina ya makara da kwana ashirin ba a ƙara mini ko kwabo. Wannan shi ne abin da ke cin ran malami, ba ƙanƙantar albashin kaɗai ba.

Kuma me ya sa yake zuwa Facebook? Domin a ofis ba a sauraronsa. Wanda ya ɗaga hannu a taron malamai ya tambayi albashi, shi ne sunansa ke fita a zango mai zuwa. Kowa ya ga haka ya yi gum, sai ya fita sannan bakinsa ya buɗe. Ban goyi bayan ƙaryar maki ba, in ƙarya ce. Amma kada ki bari ita ta rufe miki ido daga sauran.

Alhaji_Ruwan_Leda:
To mu masu ɗaukar aiki wa za mu kai wa kuka? Ina da gidan ruwa. Direba ya fita da lodi ya sayar da rabi a hanyar Dukku ya ce leda ce ta fashe. Yaro ya karɓi kuɗin gaba ran Alhamis, Asabar ka neme shi ka rasa. Ka taɓa ganin na ɗauki hotonsa na sa a Facebook? Mu muna rufa musu asiri, su suna tona namu. Ga dizal, ga kuɗin wuta, ga masu karɓar haraji kala-kala. Wanda bai taɓa kwana yana lissafin yadda zai biya mutane a ƙarshen wata ba, magana tana yi masa sauƙi.

Maman_Grace_Kaltungo:
Hajiya, ni abin da ya tsaya mini shi ne inda kika ce kina zargin wata malama. Ki yi hattara da wannan zargin. Na taɓa aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi, aka yi irin wannan rubutun a kan mai wurin. Da safe ya tara mu duka a ɗakin karɓar haihuwa, ya rufe ƙofa, ya ce kowa ya buɗe wayarsa ya ajiye a kan tebur. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana karanta saƙonnin mutane, har na mata da mazajensu. Bai ga komai ba. Duk da haka ya sallami wata yarinya mai shara da goge-goge, don kawai ta taɓa yi masa maganar kuɗinta a gaban mutane. Ina ganinta tana tattara 'yan kayanta a leda tana rantsuwa tana kuka. Daga baya ta bayyana cewa wani ne da ya daɗe da barin wurin ya yi rubutun. Kafin shekara ta zagayo yawancinmu mun bar aikin, ba don albashi ba, don abin da muka gani a ɗakin nan. Littafi Mai Tsarki ya ce ma'aikaci ya cancanci ladansa, kuma na san a Musulunci ma haka ne.

Alaramma_Nasarawo:
Haka ne Maman Grace. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Kuma a hadisin da Bukhari ya ruwaito, cikin mutum uku da Allah ya ce Shi ne abokin husumarsu ranar ƙiyama akwai wanda ya ɗauki mutum aiki, ya karɓi aikin cikakke, bai ba shi ladansa ba. Baban Walida ya kira abin butulci, to a duba Suratun Nisa'i aya ta 148: Allah ba Ya son bayyana mummunar magana, sai ga wanda aka zalunta. Ke nan wanda aka riƙe wa haƙƙi yana da damar ya faɗa. Amma damar ta tsaya ne a kan abin da aka yi masa. Ya ƙara da abin da bai faru ba, ya fita daga kai kuka ya shiga ƙirƙirar ƙarya, kuma zai amsa. Masu yaɗawa a WhatsApp su ma su karanta Hujurat aya ta 6, an ce a yi bincike kafin a ɗauki labari. Hajiya kuma, wanda ya jinkirta biya don babu, hukuncinsa daban da wanda ya jinkirta alhali yana da shi. Ke kika san inda kike a cikin biyun nan.

Baban_Walida:
Allah ya gafarta Malam, na ji. Amma da ya zo ya same ta a ofis mana, ko ya aiko manya. Facebook ai ba kotu ba ce.

Tsohon_Ticha_Kumo:
Baban Walida, koma ka karanta abin da na rubuta a sama game da wanda ya ɗaga hannu a taro.

Mai_Burodi_Jekadafari:
Bari in ba da nawa, ko zai yi amfani. Wani yaro da ke kwaɓa mini fulawa ya bar aiki, sai ga bidiyonsa a TikTok yana cewa na cinye masa kuɗin watan ƙarshe. Yaran unguwa suka yi ta turo mini. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin ina da littafi, duk wanda ya karɓi kuɗi yana sa hannu ko ya dangwala yatsa, kuma na san ya ci kuɗin gaba. Ɗana ya ce mu ɗauki hoton shafin mu watsa. Na ce a'a. Abin da na sa aka rubuta a ƙarƙashin bidiyon shi ne: "Mun ga ƙorafinka. Muna da lissafin kowane ma'aikaci a rubuce. Ka zo da wanda ka yarda da shi a zauna a duba, in akwai haƙƙinka za ka karɓa a take." Ban ƙara ko harafi ba, duk zagin da aka yi ta yi a ƙasa.

Sai na kira kawunsa, wanda shi ya kawo shi ya tsaya masa tun farko. Muka zauna a zauren mai unguwa bayan la'asar, aka buɗe littafi, aka cire abin da ya ci, aka ga akwai ragowar kuɗin 'yan kwanaki da bai dawo ya karɓa ba. Na ƙirga na miƙa wa kawun a gaban shaidu. Ban ce ya goge bidiyon ba, kafin magariba shi da kansa ya goge. Abin da ya cece ni littafin nan ne. Hajiya, ke kin ce da baki ake gaya musu maganar hutu, nan ne rauninki.

'Yar_Gombe_a_Abuja:
Anti Hajiya, sannu da wannan jarrabawa. Aikina ke nan, ina sashen kula da ma'aikata a wani kamfani, kuma mu kullum muna fama da shi, sai dai namu a Glassdoor da Indeed ake yi, shafukan da ma'aikata ke ba wurin aikinsu taurari su rubuta abin da suka gani ba tare da suna ba. Glassdoor ba ya goge sharhi don kawai kamfani ya ji haushi, sai in ya saɓa wa ƙa'idarsu. Abin da suke ba ka shi ne damar amsawa a ƙarƙashinsa. Kuma abin da muka lura, mai neman aiki ya fi tsayawa a kan amsar kamfani fiye da ƙorafin kansa. In ya ga amsa cikin natsuwa, sai ya ce mutanen nan suna saurare. In ya ga zagi da barazana, ya gama yanke hukunci.

Abin da Mai Burodi ya rubuta daidai yake da abin da ake koya mana: amsa ɗaya, gajera, da sunan makaranta, ba cikin dare ba kuma ba cikin fushi ba. Ki amsa abin da yake gaskiya ki faɗi abin da za ki yi a kai, ki musanta maganar maki a fili, ki buɗe ƙofa a zo a zauna. Kada ki ambaci sunan kowa, kada ki ce "mun san ko wace ce". Kada kuma ki wallafa takardun wani malami, albashinsa ko lambar asusunsa ko takardar gargaɗin da aka taɓa ba shi, domin akwai dokar kare bayanan mutane ta 2023, sai ki tashi daga mai ƙorafi ki koma wadda ake ƙara.

Wani abu kuma da mutanenmu ke yi wanda ke ƙara ɓata lamari: a tara malaman da ke aiki a ce kowa ya shiga ya rubuta yabo. Jama'a ba yara ba ne. Sharhi takwas cikin awa ɗaya, duk da kalmomi iri ɗaya, "Hajiya uwa ce gare mu", kowa ya gane. Kuma cikin waɗanda kika tilasta wa, wani zai ɗauki hoton umarnin ya fitar.

Abdul_POS_Arawa:
Tambaya. In mutum ya ɓoye suna a zauren Facebook, ba wanda zai iya ganinsa?

'Yar_Gombe_a_Abuja:
Masu kula da zauren suna gani, Facebook ma yana gani, sauran mambobi ne ba sa gani. Amma kada Anti ta je tana roƙonsu ko ta ba su wani abu don su faɗa mata. Abin da za ta iya nema a wurinsu shi ne su ba ta damar amsawa, ko su cire ɓangaren da ba shi da hujja. In a Google Maps ne aka yi, can ƙa'idarsu ta hana ma'aikaci na yanzu ko na da ya yi wa wurin aikinsa sharhi, kana iya kai rahoto a duba. Facebook ba shi da wannan.

Ɗan_Ƙwadago_Deba:
Ku daina kewaye-kewaye. Doka ta ce mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun Yulin 2024. Ɗan bautar ƙasa ma 77,000 yake karɓa. Makaranta nawa ce a Gombe ke ba mai NCE ko rabin haka? Duk masu makarantun nan sun karya doka, su ya kamata a kama, ba mai rubutu ba.

Barista_Bolari:
Ɗan Ƙwadago, a gyara kaɗan. Gaskiya ne 70,000 ne, amma dokar ta cire wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin wucin gadi na 'yan sa'o'i, da waɗanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da suka yi. To ƙananan makarantu da yawa ba ta hau kansu ba. Wadda ta fi kama mutane ba su sani ba ita ce ta fansho ta 2014: in kana da ma'aikata 15 zuwa sama, kai za ka zuba kashi 10 cikin ɗari na albashi, ma'aikaci kashi 8.

Sai Dokar Ƙwadago. Ta ce cikin wata uku da fara aiki a ba ma'aikaci takarda mai ɗauke da sharuɗɗan aikinsa, ta ce kada tsakanin biya da biya ya wuce wata guda, kuma ta hana yanke albashi a matsayin tara. Abin da ta yarda shi ne a cire diyyar ɓarnar da ma'aikaci ya yi da gangan ko da sakaci, shi ma sai da izinin jami'in ƙwadago a rubuce. Akwai ja-in-ja a kan ko malamin makaranta yana cikin waɗanda wannan dokar ke kira ma'aikaci, domin ta fi magana a kan masu aikin ƙarfi da na akawu, ta cire masu aikin ƙwarewa. Amma tun gyaran tsarin mulki na 2010 duk rigimar aiki Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ke sauraro, kuma ita tana duba adalcin abin da aka yi wa mutum, ba harafin doka kaɗai ba. Saboda haka Hajiya, in ni ne ke, yankan makarar nan zan fara dakatarwa tun kafin in rubuta amsa.

Malama_Mai_Nazire_Bajoga:
In aka daina yankewa wallahi sai ƙarfe tara za su riƙa zuwa. Ni ma ina da makaranta. Malami zai samu aikin gwamnati ya tafi ana tsakiyar zango, ba notis ba sallama, ya bar ɗan aji shida ana shirin jarrabawa. Wata ta bar ni ta buɗe lesin a gidansu ta janye mini yara. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kuma ku masu cewa a biya 70,000, ku ne iyayen da in an ƙara dubu biyu a kuɗin makaranta za ku kwashe yaranku.

Tsohon_Ticha_Kumo:
Malama, wanda ba ki ba shi takarda ba, da wace takarda za ki nemi notis a wurinsa? Maganar makara kuma akwai gargaɗi na baki, akwai na rubutu, akwai hana ƙarin girma. Ba sai an taɓa abincin 'ya'yansa ba.

Uban_Yara_Federal_Lowcost:
Ni ba ni da ma'aikaci ko ɗaya, uba ne mai biyan kuɗin makaranta, kuma ina ganin an manta da mu a wannan muhawarar alhali mu ne Hajiya ke tsoron rasawa. In na ga irin wannan rubutun a kan makarantar 'ya'yana, abu biyu zai dame ni. Na farko maki. Kada ki tsaya rantsuwa Hajiya, ki sa rana ki ce duk uban da ke so ya zo a ɗauko masa takardun jarrabawar ɗansa da aka yi wa maki, ya gwada da abin da ke cikin katin sakamako. Wanda ya zo ya gani da idonsa shi zai kare ki a WhatsApp, ba hedimasta ba. Na biyu, albashin ma ya shafe ni. Malamar da ke tunanin abin da za ta dafa da dare ba za ta tsaya a kan ɗana da bai iya haɗa baƙi ba. Kuma in gaskiya ne rashin biyanmu ne ke jawo jinkirin, ki faɗa mana a taron PTA ƙarara, da lissafi. Da yawanmu ba mu san haka abin yake ba. Shirun da maigidanki ya ce ki yi, a wurinmu iyaye amsa laifi ne.

Baban_Walida:
A nan kam ban yarda ba. Wani lokaci shiru ya fi. Ka amsa, ka ba rubutun sabon rai, waɗanda ba su gani ba ma su gani.

'Yar_Gombe_a_Abuja:
Baba, maganarka tana da ƙamshin gaskiya in rubutun bai je ko'ina ba. Wanda mutum biyar suka gani, ƙyale shi. Amma wannan ya riga ya shiga zauren iyaye.

Hajiya_Mai_Makaranta:
Na karanta duka, Allah ya saka da alheri, har waɗanda maganarsu ta yi mini ɗaci. Na gaya wa ƙanina a bar maganar DPO. Na yi magana da shugaban PTA, mun sa ranar Asabar iyaye su zo su duba takardun jarrabawa kamar yadda Uban Yara ya ce. Malamar da nake zargi ban kira ta ba, ba kuma zan kira ta ba. Abin da ban yanke ba shi ne ko in amsa a can zauren Facebook ɗin, ko in tsaya a kan iyaye kaɗai. Sai maganar hutu. Akantanmu ya kawo shawarar a tara abin da malami ke samu a shekara a raba shi gida goma sha biyu, yadda kowane wata zai ga alat har da Agusta. Me kuka gani?

Mai_Burodi_Jekadafari:
Ki amsa a inda aka yi rubutun, layi uku ya isa. Malaman da za ki nema gobe a can suke karantawa.

Tsohon_Ticha_Kumo:
Hajiya, shawarar akanta tana da amfani, amma kada a kira ta ƙari. Kuɗin malamin ne aka rage masa a watannin aiki aka ajiye masa. Wanda abin da yake karɓa yanzu ma ba ya kai shi ƙarshen wata, in aka ƙara ragewa zai ji a jikinsa. Wasu za su so, wasu ba za su so ba, a tambaye su. Kuma in za ki tambaye su, kada ki zauna a kujerar gaba kina kallon fuskokinsu, ba wanda zai yi magana. Ki raba musu farar takarda kowa ya rubuta ba suna, a zuba a kwali, wani daga cikin iyaye ya karanta.

Malama_Mai_Nazire_Bajoga:
Ni dai ina jiye miki. Ki buɗe wannan ƙofar, gobe su ce su za su tsara miki kuɗin makaranta. Kuma in ke kaɗai kika fara biyan hutu, mu sauran kin jefa mu cikin matsala da namu malaman. Irin wannan a ƙungiyar masu makarantu ya kamata a tattauna shi, a yi matsaya ɗaya.

Alhaji_Ruwan_Leda:
Barista, takardar nan ta wata uku, mu masu gidan ruwa ma ta hau kanmu? Yarana yawanci ba sa karatun boko.

Barista_Bolari:
Ku ta fi hawa ma Alhaji, domin naku aikin ƙarfi ne, ba ja-in-ja a kansa. Shafi ɗaya ya isa: sunanka da nasa, irin aikin, ranar da ya fara, nawa ne kuma yaushe ake biya, sa'o'in aiki, hutu, da notis ɗin da kowannenku zai bayar. Dokar ta sa kwana ɗaya ga wanda bai wuce wata uku ba, mako ɗaya in bai kai shekara biyu ba, mako biyu daga shekara biyu zuwa biyar, wata ɗaya daga biyar zuwa sama, kuma notis ɗin a kan ku biyun yake, ba kai kaɗai ba. Ka sa a rubuta da Hausa a karanta masa a gaban wanda ya kawo shi, ya dangwala, kowa ya riƙe kwafi.